Yadda na tayar da tsohuwar Land Rover da injin da ba nata ba

Motar Land Rover ce ƙirar Series III, doguwar, wadda tazarar da ke tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya ta kai inci 109, mai buɗaɗɗen baya da ake lulluɓewa da tamfol. Kamfanin Land Rover ya yi wannan ƙira daga 1971 zuwa 1985 a masana'antarsa da ke Solihull a Ingila, kuma a nan gida ma an harhaɗa irinta a Ibadan, a kamfanin Leyland, a zamanin da Peugeot ke haɗa motoci a Kaduna, Steyr a Bauchi, Volkswagen a Legas. Tawa ta fara rayuwarta ne a hannun wata ma'aikatar gona, inda ta sha dakon buhunan takin zamani da iri zuwa ƙauyukan da ƙaramar mota ba ta shiga da damina, daga baya aka yi gwanjonta, ta yi ta sauya hannu har ta zo ta zauna a bayan wani gida a Kano, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. A haka na saye ta, ba don kwalliya ba, sai don ina da gona a kudancin jihar, wajen Tudun Wada, kuma hanyar da ta bar kwalta ta nufi gonar tana neman mota mai jan ƙafa huɗu da zarar ruwa ya sauka.

Injinta na asali mai silinda huɗu ne, mai shan fetur, girmansa lita 2.25, ƙarfinsa kusan doki 70 lokacin da yake sabo. Inji ne mai haƙuri wanda kowane bakanike zai iya kwancewa a gindin bishiya, amma wanda na tarar a cikin motar ya riga ya gama yawo. Ruwan sama ya shiga ta kafireta ya kwanta a cikin silinda biyu shekara da shekaru, fistin ya manne, kuma da aka ɗaga kan injin sai muka ga tsagewa a jikin bulok ɗin kansa. Ko da a ce yana da rai, akwai maganar mai. Wannan inji ba ya wuce kilomita 5 zuwa 6 a lita guda idan mota na ɗauke da kaya, kuma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin fetur, irin wannan shan mai ya zama abin da manomi ba zai iya ɗauka ba. Gaskiya ne litar man gas ta fi ta fetur tsada, amma idan lita guda za ta kai ka kusan ninkin tafiyar, lissafin ya sauya.

Shawarar farko da kowa ya ba ni ita ce in sa injin Toyota, ko dai 3L ko 5L na Hilux, kuma ba zan ce shawarar banza ba ce. Kayan gyaransu suna nan jibge a Ƙofar Ruwa, ko a ƙauye ka lalace za ka samu wanda ya san su. Abin da ya hana ni shi ne haɗin inji da giyabos. Injin Toyota ba ya zama a kan giyabos ɗin Land Rover sai an yanko farantin ƙarfe an haɗa su, kuma idan tsakiyar farantin ta kauce ko da kaurin takarda ne, kuloci da sandar shigar giyabos za su yi ta cin juna har abada. In kuwa aka ce a ɗauko giyabos ɗin Toyota gaba ɗaya, to sai an yanka farfela ta gaba da ta baya, an sauya wurin sandunan giya, an fasa ƙasan motar, ƙarshenta ka samu wata halitta da ba Land Rover ba ce, ba kuma Hilux ba. Na ga irinsu da dama a garejojin gari, suna tafiya, amma duk wanda ya gaje su ya gaji ciwon kai.

Saboda haka na tsaya a kan 200Tdi, injin gas da Land Rover da kanta ta fito da shi a 1989 cikin motarta ƙirar Discovery ta farko, ta kuma sa shi a ƙirar Defender daga 1990, kafin 300Tdi ya maye gurbinsa a 1994. Girmansa lita 2.5 ne, yana da turbo, wato na'urar da ke hura wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, kuma a cikin Discovery yana ba da ƙarfin doki 111. Abin da ya fi jan hankalina shi ne jikan tsohon injin nan ne na lita 2.25, domin daga bulok ɗin wancan aka yi ta faɗaɗawa har aka iso gare shi, shi ya sa yawancin ramukan noti na bayansa da na gefensa suke faɗawa daidai inda na kakansa suke. Babu kwamfuta a jikinsa, famfon injektansa na Bosch ne mai aiki da ƙarfe zalla, waya guda ce kawai ke zuwa masa don kashe shi.

Samun sa ya ɗauki lokaci. Wani mai sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa ne ya nemo mini shi ta hannun abokin cinikinsa a kasuwar Ladipo ta Legas, cikin injinan da ake shigowa da su daga Turai. Kafin in biya kuɗi na sa aka aiko mini da hoton lambar da ke jikin bulok, domin na Discovery lambarsa tana farawa ne da 12L, na Defender kuma da 11L, sannan na sa aka ɗauko mini gabansa in ga bel-bel ɗinsa, saboda 300Tdi doguwar bel guda mai faɗi ce ke zagaye komai, shi kuwa 200Tdi ƙananan fanbel ne daban-daban. Da ya iso, Ogan garejin da ya karɓi aikin ya ɗora shi a kan tsohuwar taya, ya jona masa batir da galan ɗin gas, aka tayar da shi a ƙasa. Ya buɗe marufin baƙin mai ya ɗora tafin hannunsa a bakin ramin yana sauraron yadda iska ke bugowa, ya daɗe a haka, sannan ya ce, “Alhaji, ringinsa na da sauran rai, amma kada ka yarda a sa shi a mota ba a buɗe gabansa ba.”

Shi Oga so ya yi a jefa injin cikin motar nan da nan a ji kukanta, ni kuma na ce a fara da shasi. Wannan shi ne abin da na fi tsayawa a kai a duk tsawon aikin, domin jikin Land Rover yaudara ne. Bodinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa, sai ka ga mota ta shekara 40 tana sheƙi kamar lafiyarta ƙalau, alhali ƙarfen da ke ɗauke da ita a ƙasa ya zama garin tsatsa. Muka kwance komai, aka sauke akwatin baya, aka cire ƙofofi da bonet da fukafukan gaba, har ya rage shasi tsirara a kan duwatsu. Gefen gaba bai yi muni ba, saboda baƙin man da tsohon injin ya yi shekaru yana zubarwa ya kare shi. Baya kuwa takin zamani ya gama da shi. Duk buhun da ya fashe a cikin akwatin nan tun zamanin ma'aikatar gona, ruwa ya wanke gishirinsa ya gangara cikin ƙarfen da ya gitta a ƙarshen shasi, kuma da Oga ya ɗora guduma a wurin, kan gudumar shigewa ya yi. Kunnuwan da ke riƙe sifirin na baya ma sun rage kamar takarda, ga kuma busasshiyar laka da ta cika cikin shasin, wadda muka yi ta zaƙulowa da sandar rodi muna busawa da iska.

Mai walda ya yanke duk inda ya ruɓe har sai da ya kai ga lafiyayyen ƙarfe. Kafin ya taɓa komai na sa aka auna shasin ta kusurwa zuwa kusurwa, aka rubuta awon a bango da alli, aka kuma ɗaure gefe da gefe da ƙarfen kwana na wucin gadi, saboda zafin walda yana jan ƙarfe, kuma shasin da ya karkace ba zai taɓa barin mota ta miƙe a hanya ba, ga cin taya ta gefe guda. Sabon ƙarfen bayan an lanƙwasa shi ne daga faranti mai kauri kaɗan fiye da na asali, aka zura masa hannuwa cikin tsohon shasi kafin a yi walda, maimakon a manna baki da baki. Na hana a lulluɓe ruɓaɓɓen wuri da faci, wanda shi ne abin da aka saba yi don sauri, domin tsatsar da aka rufe a ciki ba ta daina ci. Bayan an gama aka goge shi, aka shafa jan fenti mai hana tsatsa, aka bi da baƙi, aka kuma fesa mai a cikinsa ta ramukan da muka bari a ƙasa don ruwa ya riƙa fita.

Bangon da ya raba inji da wurin zaman direba shi ma ƙarfe ne, kuma wurin ajiye ƙafa na ɓangaren direba ya huje, man burki da ke ɗiga daga sama ya cinye fentin, ruwa ya ƙarasa sauran. Wannan bai ba da wahala ba. Abin da ya ba da wahala wani ɗan guntun sashe ne na sitiyari da ke zaune a cikin rami a ƙarfen gaban shasi, wanda ke karɓar juyi daga akwatin sitiyari ya miƙa wa ƙafafu. Ya kamata a riƙa zuba masa mai, amma da alama tun da aka haɗa motar ba wanda ya tuna da shi, ya bushe ya kuma manne a raminsa. An jiƙa shi da gas, an gasa shi da wuta, an buga, bai motsa ba, sai da aka ɗaure shasin da sarƙa aka sa jak ɗin babbar mota a ƙarƙashinsa, ya fito da ƙara kamar harbin bindigar toka, yaran gareji suka watse.

A lokacin da ake wannan, mun buɗe gaban injin kamar yadda Oga ya ce. Shi 200Tdi bel ce ta roba ke tafiyar da lokacin buɗewar bawul da famfon injekta, ba sarƙa ba kamar tsohon injin fetur, kuma idan ta tsinke inji na gudu, sandunan da ke tura bawul lanƙwashewa suke yi. Ba wanda ya san shekarun wadda ke ciki, don haka aka sauya ta tare da abin ɗaure ta, bayan an kulle filawil da famfon da ƙusoshinsu don kada lokaci ya kauce. Mun ɗaga kan injin, wanda na alminiyam ne kuma ba ya jure zafi fiye da kima, aka kai wa masu injin fiƙe ƙarfe suka duba ko ya lanƙwashe ko ya tsage. Lafiyarsa ƙalau. Gasket ɗinsa kala-kala ne a kauri, ana gane su da adadin ƙananan hujin da ke gefensu, kuma dole ne a mayar da mai kaurin da ya dace da yadda fistin ke leƙowa saman bulok. Oga ya ajiye tsohon a gefe, ya ƙirga hujinsa, ya aika yaro da shi kasuwa a hannu don kada a kawo wani daban. Aka daidaita tazarar bawul a kan milimita 0.20, aka kai nozil-nozil wurin mai gwajin injekta, aka sauya abin tare mai na bayan karanshaf tunda inji na ƙasa.

Haɗa shi da tsohon giyabos bai zo da gardama ba, kuma a nan ne na ga amfanin zaɓin da na yi. An cire ƙusa guda da ba ta da abokiyar zama a kwanon giyabos, aka huda wasu ramuka aka yi musu zare a wuraren da tsohon injin ke da su, aka sa farantin kuloci na Series mai inci 9.5, wanda haƙoransa suka dace da sandar giyabos. Ƙafafun da suka riƙe tsohon inji su muka kwance muka ɗaura wa sabon, daga ƙarshe suka zauna a kan shasi ba tare da an yanka komai ba, sai dai mun sa robobin injin gas masu tauri. Wani abu da ya riƙa ba yaran gareji haushi shi ne sufana. Notunan motar na awon inci ne irin na Ingila na da, wasu na giyabos ma wani tsohon awo ne na daban, shi kuwa injin na awon milimita ne, sai ka ga yaro ya kwanta a ƙarƙashin mota da sufana iri-iri a ƙirjinsa yana gwada wannan yana ajiye wancan. Na roƙi Oga da kada a tilasta wa noti sufanar da ba tasa ba, domin duk kan notin da aka murje a irin wannan mota, samun madadinsa sai an sha yawo.

Sai muka zo kan turbo, inda aiki ya tsaya cak. A injin Discovery turbo yana rataye ne a ƙasa ta gefen hagu, kuma a doguwar Series shasin yana da zurfi a daidai wurin, don haka da aka sauke inji sai turbo ya zauna daram a kan ƙarfe tun ƙafafun injin ba su kai mazauninsu ba. Ƙari a kan haka, motar tawa mai sitiyari a hagu ce, kamar yawancin motocin da suka shigo bayan Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, saboda haka akwatin sitiyari da sandarsa suna bi ta wannan gefen, daidai inda bututun salansa zai fito. Masu irin wannan aiki a Ingila ba sa fuskantar rabin matsalar, tunda nasu sitiyarin yana dama.

Oga ya kawo hanyoyi. Ya ce a yanke gefen shasi a yi masa lungu, ko a nemo manifol da turbo na 300Tdi da ke zama sama kaɗan, ko kuma a ɗaga injin a karkata shi. Na ce a cire turbo ɗin gaba ɗaya. Ya dube ni ya ce, “Haba Alhaji, ka sayi doki ka ce a yanke masa ƙafa? Ai saboda turbo ɗin ake sayen injin nan.” Na fahimci abin da yake nufi, amma ni lissafina ba a kan injin yake ba, a kan abin da ke bayansa yake. Giyabos ɗin Series III an yi shi ne don inji mai doki 70, kuma ko da wannan ƙarfin an san shi da zubar da haƙora idan direba mai gaggawa ne. Shi kuwa 200Tdi da turbo ƙarfin murɗawarsa yana zuwa ne gaba ɗaya tun inji na juyi 1,800 a minti, wato daidai lokacin da mota ke cikin taɓo da kaya a bayanta, direba ya taka totur yana neman fita. A irin wannan lokaci ne giya ke karyewa, kuma giyabos ɗin Series mai lafiya ya fi injin wahalar samu a yanzu. Ga burki na ganga a ƙafafu huɗu, ga sitiyari ba mai taimakon mai ba, ga sifirin na faifai. Motar da aka gina don tafiyar kilomita 80 a awa ba ta da abin da za ta yi da ƙarfin da zai kai ta 120, sai dai ta kai mutum inda bai shirya ba. Yankan shasin da muka gama gyarawa kuwa, wannan gyaran gangar auzinawa ne.

Ba ni na ƙirƙiro wannan dabara ba, masu tsofaffin Land Rover a Ingila sun daɗe suna yin ta, har suna kiran injin da aka yi wa haka 200Di. Aka kwance turbo, aka toshe hanyar da baƙin mai ke zuwa masa da wadda yake komawa, mai walda ya yanko faranti daidai bakin manifol ya haɗa masa bututu wanda ya kewaye sandar sitiyari ya gangara ƙasa, muka naɗe shi da abin tare zafi a inda ya matso kusa da bututun kuloci. Famfon injekta yana da wata 'yar roba a samansa da ke ƙara mai idan turbo ya hura iska, kuma tunda babu mai hurawa, sai ya tsaya a kan ma'auninsa na ƙasa, wanda ya hana motar yin baƙin hayaƙi. Cire turbo ya kuma sauke mana wasu nauye-nauye, domin ba a bukatar na'urar sanyaya iska da bututunta, zafin injin ya ragu, kuma lagireton Series na asali ya wadatar bayan an sake masa ciki. Fankar injin ba ta zo daidai da lagireto ba, sai muka sa ta lantarki mai tashi da kanta idan ruwa ya yi zafi, na kuma sa aka ƙara mata makunni a gaban direba saboda watannin Maris da Afrilu. Na riƙe matatar iska ta asali mai amfani da mai a ƙasanta, wadda a ganina babu kamarta a ƙurar hunturu, wankewa kawai ake yi a sake zuba mai.

Batir ya bar mazauninsa na cikin bonet saboda gaban sabon injin ya ci wurin, ya koma akwatin da ke ƙarƙashin kujerar hagu. Tankin mai, wanda ke ƙarƙashin kujerar dama kuma yake cin kusan lita 45, an sauke shi an wanke, aka ƙara masa bututu na biyu, domin injin gas yana mayar da rarar mai zuwa tanki, abin da tsohon injin fetur ba ya yi. Wayoyin motar kuwa sai da aka zare su duka, tunda kowane mai riwaya da ya taɓa ta a shekarun nan ya bar nasa ƙullin. Na zauna da wanda ya yi sabon aikin na nuna masa tsarin launi na motocin Ingila, ruwan ƙasa ga wayar da ke da wuta kullum, fara ga wadda ke samun wuta idan an murɗa makulli, koriya ga wadda ta bi ta fis, shuɗiya ga manyan fitilu, ja ga ƙanana, baƙa ga ƙasa. Da farko ya ga kamar ɓata lokaci ne, shi da ya saba jan jar waya ko'ina, amma ya bi, kuma yanzu duk wanda ya buɗe gaban motar da littafinta a hannu zai gane inda kowace waya ta nufa.

Burki ya ci mana lokaci fiye da yadda na zata. Doguwar Series tana da ganga mai inci 11, kuma kowace ƙafar gaba silinda biyu gare ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa, iska kuma tana son maƙalewa a cikinsu. An sauya bututu da silinda da takalman burki duka, aka yi ta bugawa ana fitar da iska, feda na nan laushi. Sai wani dattijon bakanike da ke zuwa hira garejin, wanda ya yi aiki a kan irin waɗannan motoci tun yana saurayi, ya leƙo ya ce, “Yaro, ku mayar da abin daidaita takalman baya gaba ɗaya, ku ɗaure fistin ɗin ciki kafin ku buga.” Aka yi haka, iskar ta fito, feda ta tsaya. Na ce, “Baba, Allah ya ƙara girma,” ya ɗaga hannu kawai ya koma kan bencinsa. Injin gas ba ya samar da zuƙar iskar da ke taimaka wa burki kamar na fetur, amma 200Tdi yana da ɗan famfonsa na wannan aiki, shi muka jona. Ƙwallayen ƙarfe masu sheƙi da ƙafafun gaba ke juyawa a kansu sun yi ƙuraje, suna yaga roba suna zubar da mai, su ma aka sauya su. Sifirin an warware su faifai-faifai, aka kankare, aka shafa giris aka mayar.

A wajen bodi ban nemi ta koma sabuwa ba. Fanal bitan da ya yi aikin ya saba da ƙarfe, kuma alminiyam idan aka yi ta bugunsa a bushe taurara yake yi ya tsage. Dabarar ita ce a goga sabulun wanki a bayan wurin da ya lotsa, a bi shi da wuta a hankali har sabulun ya yi baƙi, a janye wutar nan take a bar shi ya huce, sannan a buga da gudumar katako, ƙarfen ya yi laushi yana bin hannu. Na tsaya na ga yadda ya fitar da lotsawar fuffuken dama da wannan hanya, yana shafa wurin da yatsunsa idonsa a rufe bayan kowane bugu. Ƙananan lotse-lotsen na ce a bar su. Duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe an sa roba ko fenti a tsakani, saboda idan suka taɓa juna da danshi alminiyam ɗin ne ke zama farin gari. An fara da fentin share fage na musamman mai kama alminiyam, aka bi da kore mai duhu irin nata na asali, wanda muka gano a bayan ƙofa inda rana ba ta taɓa ba.

Tunda lambar inji ta sauya, kuma mota ta tashi daga fetur ta koma gas, na haɗa rasit ɗin sayen injin da takardar rantsuwa daga kotu na kai ofishin lasin aka gyara takardu, jami'an duba lafiyar mota suka gan ta suka ba da shaida.

A hanya, abin da na fara lura da shi ƙara ce. Injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda yana da kaifin murya, turbo kuma da ma yana rage ta, ga bodi na alminiyam da ba shi da abin tare sauti, don haka daga kilomita 70 zuwa sama hira da na kusa da kai sai da ɗaga murya. Na shimfiɗa roba mai kauri a ƙasa da cikin bonet, ta ragu, ba ta tafi ba. Gudunta bai fi na injin fetur ba, tana zama lafiya a 80, amma a hawa da kaya ta fi shi nisa, ba ta neman a sauko da giya kowane lokaci, kuma lita guda tana kai ni kilomita 10 zuwa 11. Da sanyin asuba na watan Janairu ma bugu ɗaya take tashi. Da damina ta yi nisa na shiga da ita hanyar gona da buhunan taki a baya. Inda yashi yake, danna sanda mai rawayan kai da ke kusa da sandar giya ya isa ya jona ƙafafun gaba. Inda laka ta yi zurfi kuwa sai na tsaya, na ja mai jan kai baya zuwa ƙaramar giya, na sa ta biyu, na ɗauke ƙafata daga totur kusan gaba ɗaya, ta riƙa taka wurin a hankali ba tare da ta juya taya a banza ba. Da an fito kan kwalta dole a tsaya a ja jar sandar baya a mayar da ita gaba don rawayar ta ɗago, saboda motar ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, kuma tafiya da ƙafa huɗu a kan busasshiyar hanya tana murɗe farfela da aksul.

Oga har yanzu yana ajiye da turbo ɗin a kan kanta, a naɗe cikin buhu, yana cewa wata rana zan dawo in nema. An kuma ba ni shawarar in sauya haƙoran aksul daga 4.7 zuwa 3.54 irin na Range Rover don ƙarar ta ragu a doguwar tafiya, amma ba tare da turbo ba wannan zai kashe mata ƙarfin tashi da kaya, don haka na bar su. Abin da nake nema yanzu shi ne ƙarin giya ta kamfanin Fairey da ake ɗaurawa a bayan ƙaramin giyabos mai raba juyi zuwa ƙafafun gaba da na baya, wadda ke sauke juyin inji a kan kwalta ba tare da ta taɓa ƙaramar giya ba, kuma na ba da sallahu a Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna. Kafin ta samu, akwai ɗigon mai da ke fitowa ta bayan ƙaramin giyabos yana jiƙa gangar burkin hannu, wanda za mu sauke mu sauya masa roba da zarar an gama kwashe amfanin gona.